Wa Zai Nemi Wanda Bai Zo Ba?

Kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, ranar da Kebbi ta zama jiha, Birnin Kebbi gari ne na Sarkin Gwandu da fadarsa, da kasuwa, da asibitin Sir Yahaya, da Foliteknik, da 'yan ofisoshin da ke jiran umarni daga Sakkwato. Kirista a garin kusan duk baƙo ne, kuma yawanci takarda ce ta kawo shi: ɗan sandan da aka yi wa canjin wurin aiki, nas, malamin makaranta, ma'aikacin gidan waya, direban ma'aikatar ayyuka. Sai 'yan kasuwa Ibo masu shagon magani da kayan gyaran mota, da Yarabawa teloli da masu ɗaukar hoto. Ba mai gonar gado a fadama, ba mai kabarin kaka a garin. In an tashi daga sujada ran Lahadi, dangin da mutum ke da su a nan su ne waɗanda ya gama zama da su a benci ɗaya.

A irin wannan majami'a na tashi. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, rufin kwano ba silin, in zafin Afrilu ya kama sai ka ga mata suna fifita da Littafin Waƙoƙi. Maza gefe guda, mata gefe guda, yara a tabarma can gaba inda tsumagiyar dattijo za ta kai gare su. Ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen mota ne rataye a reshen dogon yaro. Ba mu da yawa, har mai ƙirga jama'a kan gama aikinsa kafin a ƙare waƙar fari, ya rubuta da alli a allo: maza kaza, mata kaza, yara kaza, baiko kaza. Akwai kuma wani lissafin da ba ya hawa allo, wanda iyayenmu mata ke yi da ido. Wance ba ta zo ba. Mijin wance yau Lahadi biyu ke nan ba a gan shi ba.

Yawancinmu 'yan ƙasar Zuru ne da Yauri: Dakarkari, Fakkawa, Dukkawa, Kambari. Can bishara ta yi saiwa, domin Turawan mulki sun yi wa 'yan mishan shinge da ƙasashen sarakunan Musulunci, suka bar musu wuraren da ake bin addinin gargajiya. Mishan ɗin da daga baya ya haifi ikilisiyar UMCA, da 'yan'uwan nan biyu Joseph da Paul Ummel a cikinsa, ya zauna a Salka da Zuru tun shekarun 1920. SIM, uwar ECWA, ta sami ƙofar shiga lardin Sakkwato ne ta jinyar kutare a Amanawa a ƙarshen shekarun 1930. Katolika kuma limaman ƙungiyar Dominikan ne suka kafa musu tushe, har Sakkwato ta zama dayosis a 1964. Kowa da hanyar da ya biyo, amma a majami'armu ba a cika tambayar wane mishan ya yi maka baftisma ba. Kana jin Hausa? To zauna. Littafi Mai Tsarki na 1932, da sabon da ya biyo bayansa wajen 1980, da Littafin Waƙoƙi, su suka sa Badakkare da mutumin Kagoro da na Garkida da na Pankshin suke buɗe baki a tare.

Sujadar Lahadi kuwa ƙaramin abu ce a cikin makon. Da asuba, daidai lokacin da ladanai ke kiran salla daga Shiyar Fada har Nasarawa, mu ma akan kunna fitilar ƙwai don addu'ar safe. Laraba da yamma addu'ar tsakiyar mako. Ga ajin baftisma, inda mutum kan yi wata da watanni yana hadda kafin a kai shi gulbi. Ga 'yan Sabon Rai, ƙungiyar da ta bazu a Arewa tun farkon shekarun 1960, su da gangunansu. Sai uwa uba Zumuntar Mata, wadda ake danganta farkonta da Miango a ƙasar Filato wajen 1930. Wanda bai san ta ba zai ɗauka anko ne kawai da kiɗan tulu da caki da kuge. Ƙungiya ce mai tsari fiye da ofisoshi da yawa da na gani: da shugaba, da magatakarda, da ma'aji, da mai ba da waƙa, matar fasto kuma tana zaman uwar zumunta. Da yawa cikin matan nan ba su taɓa shiga aji ba. A zumunta suka koyi haɗa baƙi da wasali, don kowace za a ba ta aya ta haddace, ta kawo mako mai zuwa a gaban 'yan'uwanta.

Muƙamin da ba a yi masa rububi shi ne na masu ziyara. Mahaifiyata ta daɗe a ciki, ni nake riƙe mata ƙullin kaya. Su biyu suke tafiya, ba a tura mace ɗaya. In rana ta yi sanyi bayan la'asar sai su ɗauki sandar sabulu da mudun gero, ko ɗan kuɗin cefane daga asusun zumunta, su nufi gidan wadda ba a gani ba. Ba a shiga da tambaya. A gaisa, a tambayi maigida da yara da zafi, in an tarar da ita tana tsintar shinkafa a ja faifai a sa hannu. Sai hira ta yi nisa ɗaya za ta ce, "Ƙanwata, ran Lahadi mun duba ba mu gan ki ba. Lafiya dai ko?" Amsar fari kullum ɗaya ce: "Lafiya lau, Mama, jiki ne ya ɗan motsa." Ba mai yarda, ba kuma mai ƙaryata ta. A ci gaba da tsinta. Can sai gaskiya ta fito. Albashi bai zo ba, ta ji nauyin a zagayo da kwanon baiko ta sunkuyar da kai. Ko maigida ya koma gidan burkutu. Ko wata ta yi mata habaici a wurin koyon waƙa. Ko kuma, wanda ya fi duka nauyi, tun da ƙyanda ta ɗauke mata yaro bakinta ya ƙi buɗuwa ga addu'a.

Na ga yadda suka yi da mai irin wannan ciwon na ƙarshe. Ba su buɗe Littafi sun jero mata ayoyi ba. Abokiyar tafiyar mahaifiyata, wata tsohuwa 'yar ƙasar Dukkawa wadda ita ma ta binne nata, ta ce, "To ki bar ta, 'yata. Mu za mu riƙa yi miki addu'ar har ranar da bakinki zai buɗe. Ke dai ki zo ki zauna kusa da ni, ko amin ba ki ce ba." Ta kuwa zo. Ta yi watanni tana zama shiru a gefen tsohuwar, gyalenta rufe da rabin fuska, ba wanda ya sa ta addu'a, ba wanda ya tambaye ta aya. Ban san ranar da bakin ya buɗe ba. Na dai san ita ta koya wa ƙannena waƙoƙin Kirsimeti a makarantar Lahadi.

Shi ya sa ba na tare da masu cewa bangaskiya tsakanin mutum ce da Allahnsa kawai, majami'a kuwa gini ce. Gaskiya ne ba mai tuba a madadin wani. Amma akwai ranar da mutum ba shi da ƙarfin riƙe tasa bangaskiyar, sai an riƙe masa. In kuma ka duba halayen da Manzo Bulus ya lissafa wa Galatiyawa a matsayin shaidar aikin Ruhu a cikin mutum, da yawansu ba sa yiwuwa sai da wani a gabanka. Wa za ka yi wa haƙuri kana ɗaki kai kaɗai? Wa za ka yi wa kirki? Yawancin wasiƙun nan ma ga jama'a aka aika su, a karanta a bainar kowa, mai laifi da wanda aka yi wa laifi suna zaune suna ji.

A wajen maza abin ya fi wuya, don namiji ba ya tsintar shinkafa balle a zauna a taya shi. Mahaifina hedimasta ne, mai zuciya kuma. Wata shekara suka sami saɓani da ma'ajin ikilisiya a kan kuɗin kwanon rufi, aka yi ta cacar baki a gaban mutane, suka daina gaisawa. Ran Asabar da dare, ana gobe Jibin Ubangiji, sai ga dattijon ikilisiya ya jingine kekensa a ƙofar gidanmu. Lebura ne a ma'aikatar ruwa, karatunsa bai wuce na yaƙi da jahilci ba. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya sha ruwa, ya yi shiru har na ɗauka barci yake yi. Sannan ya ce, "Malam, gobe akwai Jibi. Da wane hannu za ka karɓa?" Mahaifina ya ce, "Baba, shi fa ya ci mutuncina." Dattijo ya ce, "Na ji. Ina wurin. Ɗauko takalminka, ni zan yi sallamar." Suka fita a ƙafa, shi yana tura keke.

Ba su zama aminai ba, shi da ma'ajin, har aka raba su da canjin aiki. Amma kowace Lahadi a tebur ɗaya suke ƙirga baiko, wannan ya ƙirga wancan ya sake, su sa hannu a littafi ɗaya. Na jima ina ganin wannan a matsayin sulhun da bai nuna ba. Yanzu ina ganin ya fi sulhun rungume-rungume da ake yi a gaban bagade wuya, ya kuma fi shi gyara mutum, domin mahaifina na ƙarshen rayuwarsa ya fi na farko sanyin baki nesa ba kusa ba, kuma ba a littafi ya koyo ba. A ƙasarmu ta Zuru saurayi kan yi shekaru yana golmo, noman da ake yi wa surukai, kuma ba ya yin sa shi kaɗai, sai cikin sahun tsaransa. A sahu ne ake gane rago, a sahu ne kuma ragon ke zama manomi, don na damansa da na hagunsa ba za su bar shi a baya ba, ba kuma za su yi masa shiru ba.

Kada dai in yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Idon da ke neman wadda ba ta zo ba shi ne kuma ke ƙirga watannin amarya. Abin da aka faɗa wa masu ziyara a asirce, wani lokaci yakan riga su isa gida. Horo kuwa, wato a karanta sunan mutum a sanarwa, a mai da shi bencin baya, a hana shi Jibi na wasu watanni, bai taɓa faɗa wa kowa daidai ba. Yarinyar da cikinta ya bayyana ita ke shan kunyar. Wanda ya yi mata, in mai muƙami ne ko an yi masa canji zuwa Gusau, magana ta mutu. Na san waɗanda bencin bayan nan ya kora har abada, kuma alhakinsu na wuyan ikilisiya. Duk da haka, wanda aka sa a horo an san sunansa, an san ranar da horonsa zai ƙare, akwai kuma wanda aka ɗora wa nauyin zuwa gidansa kafin ranar.

Sai Janar Babangida ya yanke Kebbi daga Sakkwato. Ma'aikata 'yan asalin sabuwar jiha suka kwaso kaya a manyan motoci, gidan haya ya yi wuya, wasu a majami'armu suka fara shimfiɗa tabarma kafin su sami ɗaki. Garin ya buɗe ta Badariya da Gesse da Bayan Kara, sakatariya ta tashi a Gwadangaji. Kowace ɗarika ta sami isassun mutanenta, ta ja su gefe. Angalika suka sami dayosis ɗinsu na Kebbi, wanda Bishop Edmund Akanya ya daɗe yana riƙe da shi, har ya zama babban bishop na lardin Kaduna. Katolikan Birnin Kebbi da Argungu suna ƙarƙashin Sakkwato, inda Bishop Matthew Hassan Kukah yake tun 2011, na Zuru da Yauri kuma suna bin Kontagora. Deeper Life da Redeemed da Living Faith suka shigo da nasu salon. Jami'ar jiha ta buɗe a Aliero a 2006, ta tarayya ta biyo baya a 2013, ɗalibai da malamai suka ƙaru. Majami'u suka sami silin da fanka da janareta da lasifika, fastoci suka zo da digiri. Ci gaba ne, ba na ƙyashinsa, wanda ya sha zafin kwanon nan ba zai yi kewarsa ba.

Amma wani abu ya faru da ba a yi shawararsa a kowane taro ba. Da jama'a ta yi yawa aka raba sujada biyu, ta Turanci da sassafe, ta Hausa da hantsi. A takarda rabon harshe ne. A zahiri darakta da lakcara da ma'aikacin banki suka tafi ta safe, masinja da maigadi da gwauruwa mai tuyar ƙosai suka rage a ta hantsi. Suna haɗuwa a bakin ƙofa, waɗannan na fita waɗancan na shiga, a ɗaga wa juna hannu ta gilashin mota. Yau da wuya lebura ya zama dattijon da zai jingine keke a ƙofar hedimasta. Ba don an hana ba, don dai ba a benci ɗaya suke zama ba, ba shi da ta inda zai san an yi saɓani. 'Ya'yan ta safe kuma sun tashi ba sa karanta Littafi da Hausa, ba sa jin Dakarci, kaka ta zo daga ƙauye a rasa harshen da za a yi addu'ar dare da shi.

Horo ma ya zama abin dariya. In an yi maka faɗa a nan, kabu-kabu zai kai ka wata majami'ar kafin a gama waƙar buɗewa, a can a tashe ka a tafa maka a matsayin baƙo. Ta wani gefen sauƙi ne ga wanda aka zalunta, ya sami mafita. Ta wani gefen kuwa mutum na iya shekara goma yana zuwa coci a Birnin Kebbi, yana ba da zakka, yana rawa a gaba ranar godiya, ba a taɓa samun wanda ya san shi sanin da zai ce masa ka yi kuskure ba.

Akwai lokutan da muka taru har wuri ya rasa. A 2000, da gwamnatin Adamu Aliero ta bi sahun jihohin da suka faɗaɗa shari'ar Musulunci, tarukan ƙungiyar Kiristoci ta CAN sun cika maƙil, ɗariƙun da ba sa shiga majami'ar juna suka zauna inuwa ɗaya. Haka aka yi a watan Mayu na 2022 bayan kisan ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato. Tarukan sun yi amfaninsu. Sai dai tsoro yana tara mutane ne, ba ya sa su san juna, da ƙura ta lafa kowa ya koma inda ya fito. Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne wanda ya fara lura da ni a wani lokaci da na yi sanyi da zuwa sujada. Maƙwabcina ne, Bakabe, Musulmi, wanda muke musayar naman layya da shinkafar Kirsimeti. Ya gan ni ina wankin mota da hantsin Lahadi, ya tsaya ya ce, "Malam, yau ba ka tai coci ba? Lahiya dai?" Shi bai ga abin mamaki a tambayar ba. A masallacin unguwarsu, wanda ba a gani a sahun asuba ba kwana biyu, ana zuwa a buga masa ƙofa.

Wayar hannu ta zo ta ƙarasa abin da yawa ya fara. Yanzu kana kwance a ɗakinka a Gesse za ka ji mai wa'azin da ya fi fastonka baki, daga Legas ko Abuja ko Fatakwal, ka bi addu'ar tsakar dare da dubban mutanen da ba ka taɓa gani ba, ka tura baiko ta banki. Ba na raina wannan. Malamin da aka jefa wani ƙauye bayan Kangiwa ko Bagudo, inda ba majami'a ko ta zana, wayar nan ce abincinsa. Na kuma ga an tara kuɗin tiyata a dare ɗaya a dandalin WhatsApp na ikilisiya, abin da a da sai an yi Lahadi uku ana roƙo. Amma mai wa'azin waya kai ka zaɓe shi, in ya taɓo inda ke maka ciwo sai ka matsa gaba. Bai san matarka ba, bai san wanda kake gaba da shi ba. A dandalin nan kuma in an sanar da rasuwa, saƙonnin ta'aziyya kan zubo kamar ba za su ƙare ba, ka je gidan makokin ka tarar da tsofaffin nan dai na zumunta, su da tukwanensu. Masu iya magana da suka ce zumunta a ƙafa take ba su san waya ba, amma har yanzu ba a ƙaryata su ba.

In ina son ganin abin da muka baro sai in hau motar Argungu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba in hanya ta yi kyau. Duniya ta san garin da kogin Matan Fada, da bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Kiristocin garin kuwa har yanzu kusan irin mu ne na da: 'yan sanda, ma'aikatan asibiti, ɗalibai da malaman Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, masu yi wa ƙasa hidima da aka rarrabo daga sansanin Dakingari, 'yan kasuwa, sai ma'aikatan kamfanin shinkafa na WACOT tun da aka buɗe shi a 2017. A majami'ar da nake sauka, in baƙo ya tashi ya faɗi sunansa ba tafi kawai ake yi masa ba, sai an tambaye shi inda ya kwana. Na ga an miƙa wata 'yar hidimar ƙasa daga Kudu, wadda ko sannu ba ta iya ba, ga wata matar ɗan sanda, aka ce, "Ga 'yarki nan." Bayan sujada ba mai saurin tafiya, don ba inda za shi da ya fi nan.

Suna da nasu ciwon. Jama'ar kullum a kan hanya take, ma'aji ya fara gane littafi a yi masa canji, ɗalibai su tafi hutu ƙungiyar mawaƙa ta rushe. Amma wannan ƙarancin ne ke tilasta a ba kowa aiki. Saurayin da a Birnin Kebbi zai zauna can baya yana latsa waya, a Argungu kafin wata uku an sa shi jagorar addu'a, an ba shi ajin yara, an tura shi asibiti gaida mara lafiya. Zai yi tuntuɓe, muryarsa za ta yi rawa, za a gyara masa a waje cikin raha. Iyaye da yawa a Kudu sun karɓi 'ya'yansu daga irin waɗannan ƙananan ikilisiyoyi sun ga sun dawo da nutsuwar da ba su tafi da ita ba. A ganina ba wa'azi ne ya fi na gida daɗi ba. An dai buƙace su ne, in ba su zo ba aikin ba mai yi.

Shekarun nan na baya sun kawo mana jarrabawar da ba mu shirya mata ba. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu, a cikin watan kuma suka kwashe ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. A Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, fiye da 60 suka mutu. Masifar ba ta tambayi addinin kowa ba, Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya duk sun binne nasu, a Nuwamban 2024 ma 'yan bindigar Lakurawa suka taɓa Mera, can kusa da Argungu. Ƙauyuka suka watse, majami'un ƙauye aka ja musu ƙofa, masu bishara suka wayi gari ba jama'a. Wasu suka tsaya Ribah da Zuru, wasu suka biyo hanyar Mahuta da Koko da Jega har gidajen 'yan'uwa a Birnin Kebbi. A da ƙauye ke aiko mana da buhun dawa bayan kaka. Yanzu masu aikowar ne suka iso da ƙullin kaya a ka.

Sujadar Hausa suka shigo, bencin baya suka zauna, ba don horo ba sai don kunyar tufafi. Mu maza muka kafa kwamiti. Kafin kwamitin ya gama zaɓen magatakarda, Zumuntar Mata ta sa kowace mace ta zo da mudun hatsi da zane ɗaya, sun san wace gwauruwa ce ke da 'ya'ya nawa, wace ce ke kwana a shagon da ba a gama ginawa ba, wane yaro ne ya kamata a nema wa makaranta. Abin da ba mu zata ba shi ne abin da baƙin suka kawo. Addu'ar asuba, wadda ta kusa mutuwa a majami'armu, ta sake cika. Suna rera waƙoƙin da 'ya'yanmu suka manta, ba littafi a hannu. Wani tsoho da aka kashe wa 'ya'ya biyu a gona ya tashi a binciken Littafi Mai Tsarki ya tambaya, ba da fushi ba, ko wajibi ne ya gafarta wa wanda bai nemi gafara ba, wanda ko sunansa bai sani ba. Masu digirinmu duk suka yi tsit. An yi makonni ana juya tambayar, kuma ban taɓa zama a ajin da mutane suka buɗe Littafi da gaske irin wannan ba.

Littafin masu ziyara na majami'armu yanzu yana hannun ɗaya daga cikin gwaurayen nan. Ba ta san lungunan Gesse ba, ba ta saba da gida mai get da maigadi da kare ba. Ranar da ta fara buga ƙofar wata matar babban ma'aikaci da ba a gani ba wata guda, amsar da ta samu ita ce, "Haba Mama, ai da kin kira tukuna." Maganar ta je gaban zumunta, aka yi muhawara mai zafi a kan ko ziyara sai da alkawari. Matan ofis suka ce zamani ya canza, mutum na dawowa a gajiye. Tsofaffi suka ce wadda ta fi bukatar a zo ita ce za ta ce kada a zo. Aka tsaya a kan safiyar Asabar, a aika saƙo ana gobe amma ba neman izini ba, a kuma haɗa kowace tsohuwa da budurwa ɗaya daga sujadar Turanci, ta nuna hanya ta biya kabu-kabu. Zumuntar maza kuwa har yau ba ta naɗa mai ziyara ko ɗaya ba. Maganar na cikin ajandar taro mai zuwa, a ƙarƙashin gyaran katanga.